Zanen Dutsen Adamu da kika saya a kasuwar tsofaffin kaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Ingila. A wata kasuwar tsofaffin kaya na sayi wani ɗan zane na fentin ruwa, bai fi faɗin littafin rubutu ba. Akwai wata rumfa a ƙololuwar dutse, mutane sanye da fararen kaya sun kewaye ta, can baya kuma ga wata babbar inuwa mai kusurwa uku. A bayan takardar an rubuta da fensir cewa Dutsen Adamu ne na ƙasar Silon, 1874, amma babu sa hannu. Wane wuri ne wannan? Da gaske yana da alaƙa da Annabi Adamu? Yaya zan gane ko zanen na ainihi ne? Kuma zan iya kawo shi gida Kano in rataye a falo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kafin komai, ƙanwata, in zanen yana jingine a inda hasken taga yake faɗa masa, tashi ki ɗauke shi yanzu ki kwantar da shi a durowa, sannan ki dawo ki ci gaba da karatu. Aikina gyaran tsofaffin takardu ne da adana su, kuma yawancin zanen fentin ruwa da ake kawo mini a lalace ba gobara ce ta ci su ba, ba ambaliya ba. Shekaru ne suka yi a bango suna kallon taga.

Dutsen da ke zanenki yana yankin tsaunukan tsibirin da yau ake kira Siri Lanka, wanda ya ci gaba da amsa sunan Silon har 1972, Larabawan da kuma suka sani da Sarandib. Tsayinsa mita 2,243. Akwai waɗanda suka fi shi tsayi a tsibirin, amma shi ya fita daban, ya tsaya shi kaɗai da tsinin kai, har matuƙan jiragen ruwa kan hango shi daga teku. A can ƙololuwa fili ne ɗan ƙarami, tsakiyarsa wani falalen dutse mai lotsawa da ta yi kama da sawun ƙafar mutum, sai dai tsawonta ya haura ƙafa biyar. Rumfar da kika gani an yi ta ne don ta rufe wannan sawu. A zamanin da aka yi zanenki ta katako ce, buɗaɗɗiya, an ɗaure ta da sarƙoƙi a jikin dutsen saboda iskar wurin tana iya yin gaba da ita. Ki duba da kyau ko mai zanen ya ja wasu siraran layuka daga kusurwoyin rufin zuwa ƙasa. In suna nan, sarƙoƙin ke nan.

Sawun ɗaya ne, masu shi kuwa da yawa. Mabiya addinin Buddha, waɗanda su ne mafi rinjaye a tsibirin kuma su ke kula da wurin, suna kiransa Siri Pada, wato sawu mai tsarki, suna cewa Buddha ne ya taka a ziyararsa ta uku zuwa ƙasar. Tsohon littafin tarihinsu, Mahawamsa, ya ambaci haka. Tamilawa mabiya addinin Hindu suna jingina shi ga Shiba. Wasu Kiristoci na zamanin 'yan Fotugal sun ce na Toma ne, almajirin Annabi Isa. Musulmi kuma tun da daɗewa suna cewa nan ne Annabi Adamu, alaihis salam, ya fara taka ƙasa bayan an saukar da shi daga Aljanna. Akwai ma wani sunan da ya fi duk waɗannan daɗi a kunnena, Samanala Kanda, wanda ake dangantawa da Saman, abin bautar da suke cewa shi ne mai gadin dutsen, ake kuma fassarawa da dutsen malam-buɗe-littafi, saboda tarin waɗannan ƙwari da kan nufi wajen a wani lokaci na shekara.

Game da Annabi Adamu, ga yadda abin yake. Alƙur'ani ya faɗi saukowarsa, bai ambaci wurin ba. Maganar cewa ya sauka a ƙasar Hindu, a kan wani dutse na Sarandib, ita kuma Hauwa'u a Jidda, tana cikin littattafan tarihi da ƙissoshin annabawa, Ɗabari ma ya kawo ruwayoyinta a tarihinsa. Labari ne na magabata da ya yaɗu, bai kai matsayin abin da aka wajabta wa Musulmi ya ƙudurta ba, kuma hukuncin ziyarar irin wannan wuri na malaman fiƙihu ne. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Musulmi sun fi shekara dubu da sanin dutsen. Wani littafin labaran fataken teku na Larabci da aka rubuta wajen 851 ya ambace shi da sunan Rahun, ya kuma ambaci sawun.

Wanda ya fi kowa ba mu labari dalla-dalla shi ne Ibn Battuta, mutumin Tanja, da ya hau dutsen a 1344. Ina son in ɗan daɗe a kansa, don duk wanda ya karanta shi zai kalli zanenki da wani ido. Jirginsa ya tsaya a gaɓar tsibirin, ya gana da sarkin yankin arewa, Arya Cakrawarti, ya ce masa ba shi da wata bukata sai ziyarar sawun Adamu. Sarkin ya haɗa shi da masu ɗaukarsa da 'yan rakiya da guzuri. A hanya ya ga yankin da ake haƙo yaƙutu, ya ga birai, ya kuma sha labarin matsattsakun daji da ke maƙale wa matafiya, waɗanda mutanen wurin ke matsa musu lemun tsami su saki. Ya ce hanyoyin hawa biyu ne, hanyar Baba da hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, da ita ake saukowa, kuma wanda ya hau ta nan ana ɗaukarsa kamar bai yi ziyarar ba. Ta Baba ce mai wuya. Mutanen da sun sassaƙa matakala a jikin dutsen, suka kafa turakun ƙarfe, suka rataya sarƙoƙi guda goma don mai hawa ya riƙa kamawa. Ta goman ana kiranta sarƙar Shahada, domin duk wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya yi kalmar shahada. Ya ambaci kogon Halliru inda maziyarta ke ajiye kayansu, suna kwana uku suna zuwa wurin sawun safe da yamma. Ya auna sawun ya sami taƙi goma sha ɗaya. Ya ga wani jan fure mai faɗin tafin hannu, kuma har yau itatuwa masu jajayen furanni suna nan kewaye da ƙololuwar. In akwai ɗigon ja a gefen rumfar zanenki, mai yiwuwa su ne. Wannan Ibn Battuta ɗin dai shi ne bayan shekara tara, a 1353, ya sauka a Takedda cikin ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullar garin Gobir da Barno. Ƙafar da ta taka waccan sarƙa ta taka ƙasar maƙwabtanmu.

Su ma sarakunan tsibirin sun hidimta wa wurin tun kafin zuwansa. Wijayabahu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1055 zuwa 1110, ya keɓe ƙauyen Gilimale don ciyar da masu hawa, Nissanka Malla kuma a ƙarshen ƙarni na 12 ya hau da kansa.

To me ya kai mai fentin ruwa kan wannan dutse a 1874? Ingila ta karɓe masarautar Kandi, wadda ta rage mai cin gashin kanta a tsakiyar tsibirin, a 1815. Bayan shekara biyu wani likitan soja, John Davy, ya hau dutsen ya auna sawun da filin da ke kewaye da shi. Cikin shekarun da suka biyo baya aka sare dazuzzukan tsaunuka aka dasa kofi, aka kwaso dubban Tamilawa daga kudancin Indiya su yi aikin gonakin, har gonakin suka iso kwarin Maskeliya a gindin dutsen. Jirgin ƙasa ya isa Kandi a 1867. A 1869 wata cuta mai cin ganyen kofi ta ɓulla, ita ce daga baya ta durƙusar da noman, aka koma ganyen shayi. Saboda haka a shekarar da aka rubuta a bayan takardarki, akwai Turawa da yawa zaune a inda suke ganin dutsen daga ƙofar gida: masu gonaki da matansu, hafsoshin soja, ma'aikatan gwamnati, limaman coci, da baƙin da suka zo musu ziyara. Da yawansu sun iya fentin ruwa. A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, ana koya wa hafsoshi zane don su iya ɗaukar fasalin ƙasa, ana koya wa 'yan matan manyan gida a matsayin wani ɓangare na tarbiyya.

Kyamara tana nan a lokacin, amma ɗawainiya ce. Sai an hau da faifan gilashi da kwalaben magani da tantin duhu, a jiƙa faifan a ɗauka a wanke nan take kafin ya bushe, kuma bayan duk wannan wahala ba launi. Hazo mai motsi da shuɗin asuba sun fi ƙarfinta. Akwatin fenti kuwa yana shiga aljihu. Kamfanin Reeves ya fara sayar da busassun ƙwayoyin launi tun wajen 1780, Winsor & Newton da aka kafa a 1832 ya fito da masu laushi waɗanda buroshi mai ɗan ruwa ke ɗauka nan da nan. Abin da ke riƙe garin launin a jikin takarda kuwa kin san shi tun kina makarantar allo: ƙaro ne, irin wanda ake sa wa tawada. Na itacen dakwara ake so, kuma a wancan ƙarni daga yankin kogin Sanagal da Kurdufan ta Sudan ake kai shi Turai. Wannan ya sa ɗigon ruwa ɗaya zai iya narkar da aikin shekara 150, kamar yadda ake wanke allo.

Sananniya cikin waɗanda suka zana wannan wuri ita ce Constance Gordon-Cumming, 'yar Sikotlan, wadda aka haifa a 1837 ta rasu a 1924. Ta zauna a Silon a farkon shekarun 1870, ta hau dutsen, ta zana wurin ibadar da inuwar, ta kuma fitar da littafi kan zamanta a tsibirin a 1892. Ta bar zane sama da dubu daga ƙasashe daban-daban. Na san da kin ji wannan zuciyarki za ta ce ko nata ne. Kada ki yi saurin kai wa nan. Ta saba rubuta sunan wuri da kwanan wata a kan aikinta, hannunta sananne ne ga masu harkar, kuma a bayanta akwai ɗaruruwan masu zane da ba wanda ya riƙe sunansu. Zane marar sa hannu irin naki galibi ba ya kuɗi mai yawa a gwanjo. Darajarsa a wurina tana wani waje dabam.

Ki koma kan inuwar nan mai kusurwa uku, don ita ce zuciyar zanen, ita ce kuma ma'aunin farko na gaskiyarsa. Masu ziyara suna hawa da dare ne, su isa sama kafin ketowar alfijir. Da rana ta ɓullo ta gabas, sai inuwar dutsen ta faɗa yamma, doguwa, gefunanta a miƙe sumul, kanta a tsine kamar dalar gyaɗa ta Kano a tsofaffin hotuna. Dalilin tsininta shi ne inuwar tana miƙewa nesa ƙwarai, ido kuma yana ganin duk abin da ya yi nisa yana tsukewa, kamar yadda layin dogo ke haɗewa a can gaba. Wani lokaci sai a ga kamar inuwar ta tashi tsaye a gaban mutum. Hakan na faruwa ne in hazo ya taso daga kwari ya ratsa ta, inuwar ta sauka a kansa maimakon ƙasa. Wani masanin yanayi, Ralph Abercromby, ya hau a 1886 musamman don ya ga wannan, kuma bayanin da ya bayar ke nan. Abin ba ya daɗewa. Rana na ɗagawa inuwar na janyewa zuwa gindin dutsen har ta ɓace.

Ga abin da za ki duba. Wanda ke fuskantar inuwar, rana tana bayansa. Saboda haka in zanenki ya nuna ƙwallon rana da inuwar a sama guda, to an haɗa shi ne a ɗaki, ko daga tunani ko daga hoton wani littafi. In kuwa gefen rumfar da ke fuskantarki ne ya sha haske, inuwoyin mutanen kuma suka miƙe suka nufi wajen babbar inuwar, to mai zanen ya san inda ya tsaya. Ki duba gaggawar hannu ma. Wanda ya zauna a sanyin ƙololuwa da yatsu a ƙage, yana tsere da rana, ba ya tsayawa gyara kowace fuska. Zai shimfiɗa sama da inuwa da faffaɗan buroshi, ya bar farar takarda ta zama fararen tufafin mutane, wataƙila ya rubuta sunan launi da fensir a gefe don ya ƙarasa in ya sauka. Irin wannan rashin kammaluwa ni yana ƙara mini yarda da zane.

Akwai kuma abin da zanen ba zai nuna miki ba, kuma ina ganin wajibi ne mai riƙe da shi ya sani. Hausawa kan ce baƙo makahon gari ne. Mai zanen ya zo kallo, mutanen da ya mayar ɗigo-ɗigon fari kuwa sun zo ibada. Lokacin ziyara yana farawa daga cikar wata na Disamba ya ƙare a cikar wata na Mayu, sauran shekara ruwa da iska ne. Mutane kan taho ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka ƙarƙashin jagora da ya san hanya da ladubbanta. Suna wanka a wani rafi mai tsananin sanyi, Sita Gangula, su sa fararen kaya. Wanda zuwansa na farko ke nan yana da suna na musamman da ƙa'idodin da zai kiyaye, ciki har da wani wuri da ake soka allura a ja farin zare a gefen hanya. Masu hawa da masu saukowa suna gaisa wa juna da kalmar da ke nufin tausayi. Ana tallabe tsofaffi, ana saɓe da yara. A sama akwai ƙararrawa, kowa yana buga ta sau adadin zuwan da ya yi a rayuwarsa, har a ji tsohuwa ta buga sau ashirin ko fiye. Da rana ta fito sai taron ya ɗauki kirari da murya ɗaya. Duk wannan babu shi a takardar. Haka ma mutanen da suka ɗauko wa mai zanen abinci da bargo da kujera, da ma'aikatan gonakin da ya ratso, da wuya ki gan su. Ba ina aibata mai zanen ba ne. Ya ga abu mai kyau, ya yi ƙoƙarin riƙe shi da gaskiya, kuma albarkacinsa muna iya ganin wurin kafin siminti da dogayen ƙarfe da fitilun lantarkin da aka jera a hanyar tun 1950. Shaida ce ta safiya guda daga idon mutum guda, kuma a haka nake so ki riƙe ta.

Sai batun ko fenti ne ko bugun inji. Ki nemi madubin ƙara girma mai ninki goma. A zanen hannu za ki ga layin fensir yana leƙowa ta ƙarƙashin launi, ki ga garin launi ya taru a ƙananan ramukan takardar, ki ga siririn baki mai ɗan duhu a inda ruwa ya tsaya ya bushe. Wani wurin za ki ga an kankare takardar da wuƙa don a fito da haske, ko an ɗiga wani farin fenti mai kauri da ake kira farin Sin, wanda ya shigo kasuwa a 1834. Bugun inji mai launi na wancan zamani, wanda ake yi da faifan dutse, yana nuna tsaki-tsaki marasa tsari da launuka da suka ɗan zame wa juna a gefe. Bugun zamani kuwa ɗigo ne a jere kamar raga. Akwai kuma na tsakiya: layukan bugun inji ne, launin na hannu. Shi ma tsoho ne, amma ba guda ɗaya ba ne a duniya.

Daga nan ki ɗaga takardar ki sa haske a bayanta na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa duba tsofaffin littattafanmu na hannu ya san tambarin wata uku da ke ɓoye a cikin takardar da fatake ke kawowa daga Italiya. Takardun zane na Ingila ma suna da irin wannan, mafi shahara shi ne sunan J. Whatman, sau da yawa tare da shekarar da aka yi takardar. In kin ga shekarar da ta gabaci 1874, ya dace, don masu zane kan ajiye takarda shekaru. In ta biyo bayan 1874, rubutun bayan ba gaskiya ba ne. In ba ki ga komai ba kada ki damu, tambarin yana gefen babban falle ne, ƙaramin yanki yana iya rasa shi. Ƙaramar tocila mai hasken da ake duba jabun kuɗi da shi ita ma tana taimako: takardar da aka yi bayan 1950 galibi tana ƙyalli fari-shuɗi a ƙarƙashinta, tsohuwar takardar tsumma kuwa ba ta yi. Hukuncin ƙarshe na wanda ya riƙe takardar a hannunsa ne, kuma da yake kina Ingila, gidajen gwanjo da yawa suna duba irin wannan ba tare da sun karɓi kuɗi ba.

Yanzu dalilin da ya sa na ce ki ɗauke shi daga taga. In zanen yana cikin firam, akwai kwali da ya rufe gefunansa. Ranar da aka buɗe, ki kalli siririn yankin da kwalin ya ɓoye. Sau da yawa nan ne kaɗai ainihin launin ya rage, kuma na sha ganin wanda ya mallaki zane ya yi shiru da ya ga bambancin. Masu zanen wancan ƙarni suna haɗa shuni da wani jan ƙasa don su sami tokar gajimare da shuɗin nesa. Shunin da ke daɗewa a rinin tufa, in aka shimfiɗa shi siriri a takarda haske yana cinye shi, jan ƙasar kuwa ba ya motsi. Shi ya sa za ki ga tsohon zane samansa ta koma ja-ja kamar ana hazon ƙura, alhali mai shi shuɗi ya zana. Jan da ake samu daga ƙwari da wasu rawaya na itace su ma haka suke gushewa. Tun 1888 wasu masana biyu, Russell da Abney, suka gwada launuka a haske suka tabbatar da wannan a rahoton da suka miƙa wa gwamnatin Ingila. Launin da ya tafi ba ya dawowa, babu mai gyaran da zai mayar da shi. A zanenki inuwar nan ce ta fi kowane sashe shiga haɗari, domin da irin waɗannan launuka ake yin ta.

Gidajen tarihi suna nuna fentin ruwa ne a haske mai rauni ƙwarai, ma'auni 50 na abin da ake kira luks, na 'yan watanni, sannan su mayar da shi akwati ya huta shekaru. Falon gida a Kano da rana ya ninka wannan sau da yawa. Ga kuma yanayinmu: hunturu yana busar da takarda har ta nannaɗe, damina ta jiƙa ta ta kumbura, kuma wannan kai da komo yana sa fenti mai kauri ya tsage. Laima tana kawo fumfuna da jajayen tabo, ga gara, ga ƙura, ga hayaƙin janareta.

Za ki iya kawo shi gida, amma ba bango ba. Ki sa a ɗauki hotonsa da kyamara mai kyau, a buga miki a girman da kike so, wannan ki rataye a falo. Shi kuwa na ainihin, kafin ki taso ki kai wa mai gyaran takarda ya raba shi da tsohon kwalin bayansa in irin mai tsami ne da ke ƙona takarda ta koma ruwan ƙasa, ya ɗora shi a kan kwali marar tsami da 'yan maƙalai na takardar Japan da kokon alkama, waɗanda ake iya cirewa ba tare da ɓarna ba. Ki roƙe shi kada ya yar da komai mai rubutu ko lamba daga tsohon firam ɗin, don ta nan ake bin sawun masu shi na da. Ki sa shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri a jakar hannu, tare da rasit ɗin sayensa. A gida ki kwantar da shi a akwati, a ɗaki na ciki, sama da ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke duka, ki riƙa dubawa a farkon damina da ƙarshenta.

Abu uku ne nake roƙonki da babbar murya. Kada ki bari a kai shi shagon kwamfuta a manne shi cikin leda da zafi, kamar yadda ake yi wa takardun makaranta. Wannan ba ya warwaruwa. Kada salatif ko gam ya taɓa shi. Kada kowa ya goge shi da ɗanyen tsumma, ko da gefe ne. In ƙura ta hau, busasshen buroshi mai laushi ya isa, a hankali, kuma da wankakken hannu busasshe.

In kin buɗe firam ɗin, ki aiko mini da bayanin abin da kika gani a ƙarƙashin kwalin gefe, da kuma inda inuwoyin mutanen suka nufa. Daga waɗannan biyun za mu ci gaba.